Wace eriya ce za ta kai murya inda sabis ya ƙare? Fashin baƙi kan rediyon mota a hanyar daji da hamada

Tun da aka katse layukan wayar salula a jihar Zamfara a watan Satumban 2021, aka kuma bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane da dama suka gane cewa wayar da ke aljihunsu ba ta da amfani in babu turken sadarwar da za ta jingina da shi. A arewacin Nijar wannan tsohon darasi ne, domin duk wanda ya tashi daga Agadas ya nufi Bilma, tafiyar kimanin kilomita 600 a cikin hamadar Tenere, ya san rezo zai yi masa sallama tun bai yi nisa ba. Daga nan tambayar ta taso: idan mota ta bar kwalta ta shiga daji ko rairayi, wace eriya ce za a sa wa rediyonta har murya ta isa inda ake buƙata?

Amsar da aka fi ji a bakin masu shago ita ce a nemi eriya mafi tsawo, wadda aka rubuta wa lamba mafi girma a jikin kwali, a ɗaura ta a bamba, a kama hanya. A ganina wannan amsa ta jawo asarar kuɗi mai yawa, kuma a inda ruwan sha ke da iyaka tana iya jawo abin da ya fi kuɗi. Abin da ya kamata ya yanke zaɓin shi ne wanda ake son kira da nisansa, da irin ƙasar da za a ratsa, da kuma ko eriyar za ta jure kwana uku na gargada ba ta tsinke ba.

Mece ce rediyon sha'awa, kuma me ya raba ta da oba-oba ta kasuwa?

Rediyon sha'awa, wanda a kansa za mu gina bayaninmu, wani sashe ne na sadarwa da Hukumar Sadarwa ta Duniya, wato ITU mai hedikwata a Janiba, ta ware wa mutanen da ke koyon fasahar rediyo don kansu, ba don neman kuɗi ba. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a Paris tun 1925. Kowane mai lasisi yana da lambar kira da ke nuna ƙasarsa: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana da 9G, ta Kamaru da TJ, ta Chadi da TT, ta Sudan da ST. Ƙa'idar wannan sashe ita ce mutum ya faɗi lambarsa a fili, kada ya ɓoye ma'anar maganarsa da sirrin lambobi, kuma kada ya yi harkar kasuwanci a kai. Saboda haka kamfanin sufuri da ke son kula da motocinsa yana buƙatar wani lasisin dabam, ko da yake ilimin eriyar da za mu tattauna ɗaya ne a duka biyun.

Ƙananan na'urorin oba-oba irin su Baofeng da suka cika kasuwanni suna iya aiki a zangon masu sha'awa, amma sayen na'ura bai ba mutum izinin magana da ita ba. Kuma ɗan guntun eriyar roba da ke zuwa da ita yana daga cikin mafi rauni da ake ƙerawa. Idan aka riƙe ta a cikin mota, ƙarfen bodi yana tare mafi yawan abin da take fitarwa, kamar mai magana daga cikin randa. Mutumin da ya fitar da eriya mai sauƙi saman rufi ya haɗa ta da wannan ƙaramar na'ura ya fi wanda ya sayi rediyo mai tsada ya bar ta da eriyar banza.

Tsawon eriya daga zango yake fitowa

Duk wanda ya tashi da sauraron sashen Hausa na gidajen rediyon waje ya saba jin ana cewa a kama mu a gajeren zango, mita 19 ko mita 25 ko mita 31. Waɗannan mitoci tsawon igiyar rediyo ne na zahiri, kuma lissafinsu mai sauƙi ne: a raba 300 da yawan megahaz, wato ma'aunin saurin kaɗawar igiyar. Zangon da masu sha'awa suka fi amfani da shi a mota shi ne megahaz 144 zuwa 146 a yankinmu, wanda ya haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, kuma igiyarsa ta kai kusan mita biyu, shi ya sa ake ce masa zangon mita biyu. Akwai na megahaz 430 zuwa 440, wato santimita 70. A gajeren zango kuwa akwai megahaz 3.5 zuwa 3.8, da 7 zuwa 7.2, da 14 zuwa 14.35, waɗanda ake kira mita 80 da 40 da 20.

Eriyar mota mafi sauƙi sanda ce ta ƙarfe mai tsawon rubu'in igiya. A zangon mita biyu wannan kusan rabin mita ne, bai fi kamu ɗaya ba. A santimita 70 bai wuce santimita 17 ba. Amma a mita 20 rubu'in ya haura mita biyar, a mita 40 ya wuce mita goma, a mita 80 ya kai mita ashirin. Babu motar da za ta yi tafiya da sandar mita goma a kanta, kuma daga wannan gaskiya ce duk wahalar gajeren zango a mota ta samo asali, kamar yadda za mu gani. Abin lura a nan shi ne tsawo ba ado ba ne: eriyar da aka yanka don zango ɗaya ba ta dacewa da wani, kuma wanda ya ƙara wa sandarsa waya da nufin ta ƙara nisa yakan lalata daidaiton ne kawai.

Da wa kake son magana?

Akwai buƙatu biyu da mutane ke cuɗawa wuri ɗaya, alhali kayan aikinsu daban ne. Ta farko ita ce magana tsakanin motocin ayari ɗaya: na gaba ya gaya wa na baya akwai rami, ko na baya ya ce tayarsa ta fashe ko ya kafe a yashi. Ta biyu ita ce neman agaji daga gari mai nisan ɗaruruwan kilomita.

Zangon mita biyu da na santimita 70 suna tafiya ne kusan a miƙe, iyakarsu ɗan gaba kaɗan da inda ido ke gani. Eriyar da ke mita biyu daga ƙasa tana hango kusan kilomita shida a shimfiɗaɗɗen fili, don haka motoci biyu za su ji juna da kyau zuwa wajen kilomita goma sha biyu, ko fiye da haka kaɗan in ƙarfin rediyon ya kai wat hamsin kuma babu abin da ya shiga tsakani. In ɗayansu ya hau tudu mai tsayin mita ɗari, nisan yana iya wuce kilomita arba'in. Wannan lissafi ya nuna cewa hawa tudu ya fi ƙara ƙarfin rediyo amfani, kuma gogaggen matafiyi da ya kasa samun abokinsa yakan fara neman tsauni ne kafin ya fara zargin na'ura. A Amurka da Turai akwai tashoshin maimaitawa a kan duwatsu da dogayen gine-gine, waɗanda ke karɓar murya su sake cilla ta nesa, kuma yawancin shawarwarin da ake karantawa a intanet sun ɗauka cewa akwai su. Tsakanin Agadas da Dirku ko a dazukan Gashaka kada mutum ya gina shirinsa a kansu.

A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kantce na jihar Damagaram, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Ba na kawo wannan don in ce eriya ce kaɗai za ta cece su, domin abin ya haɗa da talauci da safarar mutane ta ɓarauniyar hanya. Na kawo shi ne don a ga girman tazarar da ke tsakanin buƙatun biyu. Rediyon da ke jin motar da ke gabanka ba zai ji garin da ke da tankar ruwa ba.

Lambar da ke jikin kwali

Masu ƙera eriya suna rubuta abin da ake kira ribar eriya da ma'aunin desibel. Desibel uku na nufin ninki biyu, shida na nufin ninki huɗu. Mai saye yakan ɗauka cewa eriya mai desibel tara tana ƙara masa ƙarfi daga babu, alhali eriya ƙarfe ce kawai, ba ta da batir. Abin da take yi shi ne ta kwaso ƙarfin da zai tafi sama da ƙasa ta tura shi gefe. A ɗauki curin ƙullu a matsayin ƙarfin da rediyo ke fitarwa. Eriyar rubu'i tana barin sa kusan a dunƙule, yana kaiwa sama da ƙasa da kowane gefe daidai gwargwado. Eriya mai babbar riba tana danne shi ya baje kamar gurasa: ya faɗaɗa, amma ya yi siriri. Ƙullun bai ƙaru ba.

A kan kwalta mai santsi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wannan bajewa riba ce ta gaske. Amma a hanyar da mota ke karkata, tana hawa tudun yashi da hanci sama tana gangarowa da hanci ƙasa, gurasar nan tana karkata tare da motar, gefe ɗaya ya soki ƙasa, ɗayan ya nufi gajimare. Doguwar sanda kuma tana lanƙwashewa da iska da jijjiga, wanda ke ƙara karkatar da ita. Sakamakon shi ne murya mai zuwa tana ɗaukewa, daidai lokacin da aka fi buƙatar ta. Haka abin yake a duwatsun Azbin wajen Timiya da Iferuwan, ko a hawan tsaunin Mambila zuwa Gembu, inda abokin tafiyarka zai iya kasancewa can sama da kai ko can ƙasa a kwari. A Ostireliya, inda tafiyar daji da mota ta zama al'ada kuma jif-jif da yawa ke ɗauke da rediyon megahaz 477, shawarar da aka saba bayarwa ita ce ƙaramar riba ta desibel biyu zuwa uku a ƙasa mai duwatsu, matsakaiciya wajen shida a ƙasa mai gauraye, babba kuma sai a fili fetal. Da yawansu suna ɗaukar sanduna biyu masu hawa gindi ɗaya, su sauya bisa ga hanya, kuma ina ganin wannan dabara ta fi kowace gardama kan wace ce ta fi.

Akwai kuma wata ƙaramar dabarar talla da ya kamata a sani. Ana rubuta riba da dBi ko da dBd, ma'aunan desibel biyu da kowanne ke gwada eriya da wani abu dabam, kuma bambancinsu 2.15 ne, wato eriyar da aka ce tana da dBi biyar ita ce mai dBd kusan uku. Wanda ya rubuta dB kurum bai faɗi da me ya gwada ba, kuma ba kasafai yake yin haka don amfanin mai saye ba.

A zangon mita biyu zaɓin ya fi karkata tsakanin uku. Sandar rubu'i, mai rabin mita, tana wucewa ƙarƙashin reshen bagaruwa ko aduwa ba ta damu ba, kuma in ta karye ana iya yanka wata daga wayar ƙarfe mai tauri. Mai biyar bisa takwas na igiya, wajen mita ɗaya da santimita talatin, tana ba da ƙarin da a ƙa'ida zai kai desibel uku, a aikace kuma sau da yawa bai kai ba. Mai rabin igiya, wajen mita ɗaya, fa'idarta ita ce ba ta dogara sosai da ƙarfen da ke ƙarƙashinta ba. Ga mai shiga daji na fi son ta farko a kan rufi, a ajiye ta biyu a bayan kujera don fili.

Jikin mota rabin eriya ne

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Sandar rubu'i rabin eriya ce kawai, ɗayan rabin kuma ƙarfen da take tsaye a kai ne. Tana buƙatar shimfiɗar ƙarfe a kewaye da gindinta, gwargwadon tsawonta a kowane gefe, shi ya sa tsakiyar rufi ya fi ko'ina. In aka ɗaura ta a ƙarshen bamba ko gefen bonet, rufin motar yana tare wani sashe, kuma ƙarfin yana karkata zuwa inda jikin motar ya fi yawa, don haka mutum zai ga yana jin na bayansa sosai amma na gabansa sama-sama, ko akasin haka.

Hanya mafi inganci ita ce a huda rufi a sa mazaunin da ake kira NMO, wanda kamfanin Motorola ya fito da shi, mai ramin milimita 19 da zoben roba mai hana ruwa. Mutane ba sa son huda motarsu, sai su koma ga mazauni mai maganaɗisu. Yana aiki a gari, amma a hanyar daji yana da aibi uku da na gani da idona. Yashi yana shiga ƙarƙashinsa ya goge fenti kamar sanfefa har tsatsa ta kama a zagaye. Reshe ɗaya ya isa ya tuge shi, ya bar shi yana reto da kebul yana dukan gilashi. Kuma ba ya kama alminiyom, wanda shi ne jikin tsohuwar Land Rover Defender, ko rufin roba na wasu jif-jif. Inda rufi ba ƙarfe ba ne, ko an lulluɓe shi da kariyar ɗaukar kaya cike da jarkoki da buhuna kamar yadda motocin hamada suke, a nan mai rabin igiya ke da amfani, a ɗaura ta a kan ƙarfen kariyar ta yadda sandar za ta fi kayan tsawo.

Gargada ba ta karya eriya da duka ɗaya, a hankali take gajiyar da ƙarfe. Wanda ya duba mazaunin da ya sha kwana biyu a kan burji zai ga siririn layi kamar gashi a gefen walda, ko garin tsatsa ja a ƙarƙashin noti, alamar yana motsi. Maganin shi ne ƙarfe mai kauri daga mai walda da ya san aikinsa, noti mai kulle kansa, da sifirin a gindi don sanda ta kwanta in ta haɗu da reshe. Sai dai sifirin ya dace da nauyin sandar: mai laushi yana barin ta tana lilo, mai tauri kuma ba ya kare komai. Eriya mai nauyi ta gilashin roba a kan siririn ƙarfen bonet tana iya tsaga bonet ɗin kansa. Kebul kuma kada a matse shi a bakin ƙofa, domin in ya baje ya lalace ko da fatarsa ba ta yage ba, kuma kada a bar tsawon da ya wuce buƙata, tun da siririn kebul irin RG-58 yana cinye kusan desibel ɗaya a cikin mita biyar a zangon mita biyu, ya fi haka a santimita 70.

Gajeren zango: inda nisa yake, inda wahala take

Wanda ya taɓa ganin fararen Land Cruiser na ƙungiyoyin agaji a Maiduguri ko Diffa ya ga wata baƙar eriya mai kaurin gindi kamar taɓarya a gaban motar, da siririyar sanda a samanta. Ta gajeren zango ce, yawanci ƙirar Codan ko Barrett, kamfanoni biyu na Ostireliya, kuma a cikin kaurin nan akwai naɗin waya da na'urar da ke daidaita ta da kanta. Waɗannan ƙungiyoyi da lasisinsu suke aiki, ba na masu sha'awa ba, amma matsalar da eriyar ke warwarewa ita ce tamu.

Gajeren zango yana kaiwa nesa ne domin akwai wani rufi a sararin sama, ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, wanda hasken rana ke cajawa har ya riƙa maido da igiyar rediyo ƙasa. Amma tun da ba za a iya ɗaukar sandar mita goma ba, ana ɗaukar ta mita biyu zuwa uku a cike giɓin da naɗin waya, wanda bakanike zai ce kwayil. Rediyon yana ganin ta a matsayin cikakkiya, amma sararin sama ba ya ruɗuwa. A mita 20 asarar ba ta yi muni ba. A mita 40 ƙaramin kaso ne na ƙarfin ke fita. A mita 80 sau da yawa abin da ke fita bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, sauran ya zama zafi a kwayil da jikin mota da ƙasa. Kwayil mai faɗi da waya mai kauri, wanda aka sa a tsakiyar sanda maimakon gindi, yana rage asarar, amma yana ƙara nauyi da kama iska, kuma a nan ne inganci da juriya ke jan juna.

Masu sha'awa sun rabu a kan wannan. Wasu suna son eriya mai ƙaramin inji a ciki wanda ke tsawaita kwayil ko gajarta shi daga kujerar direba, irin wadda wani Ba'amurke mai suna Don Johnson, mai lambar kira W6AAQ, ya shahara da ƙerawa da injin sukudireba, da kuma ATAS ta kamfanin Yaesu. Hujjarsu ita ce eriya ɗaya ta ishe ka duk zanguna. Wasu kuma suna cewa duk abin da ke da inji da haƙora da sassa masu zamewa abincin ƙurar hamada ne, gara sanduna masu sauƙi, kowace da zangonta, a kwance wannan a ɗaura waccan. Ina tare da na biyun in tafiyar ta rairayi ce. Araha ba ta ado, amma a nan mai arahar ba ta da abin lalacewa.

Sai dai akwai wata matsala da duka ɓangarorin suka yi tarayya a kai. Sanda a tsaye tana harba igiya ne ƙasa-ƙasa, ta doki rufin sama can nesa, ta sauka bayan ɗaruruwa ko dubban kilomita. Tsakanin inda igiyar da ke bin doron ƙasa ta ƙare da inda wadda ta dawo daga sama ta sauka akwai yankin da ba a jin ka ko kaɗan. Mutum zai iya tsayawa a Faci, garin da ke kan hanyar Agadas zuwa Bilma, ana jin sa a Italiya, amma Agadas ba ta jin sa. Abin da matafiyi ke buƙata shi ne ya harba igiyar kusan tsaye sama, ta dawo kamar ruwan da aka watsa wa silin, ta rufe da'irar kilomita ɗari uku zuwa biyar a kewaye da shi. Wannan yana yiwuwa ne a zanguna masu ƙarancin megahaz kawai, galibi mita 40 da rana, mita 80 da dare, kuma yana buƙatar eriya a kwance. Shi ya sa za ka ga sojoji sun lanƙwaso doguwar sandar motarsu sun ɗaure kanta.

Daga nan shawarata mafi muhimmanci ta fito. Mai neman agaji a tsaye yake, motarsa ta riga ta mutu, don haka ba shi da dalilin dogara da eriyar da aka ƙera don tafiya. Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita ashirin, an raba ta biyu daidai an haɗa kebul a tsakiya, cikakkiyar eriya ce ta mita 40, kuma in aka naɗe ta ba ta cika ƙaramar jaka ba. A ɗaga tsakiyarta da gora ko sandar kamun kifi zuwa mita uku ko huɗu a jikin kariya, a ja bakunanta da igiya zuwa turaku ko jarkoki. Wannan waya da kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba tana yin abin da eriyar mota mafi tsada ba ta iya yi.

Ga wanda duk da haka zai sa ta gajeren zango a mota, dole a ɗaure sassan motar da juna da faffaɗan ɗamarar jan ƙarfe, bonet da bodi, bodi da shasi, ƙofar baya da salansa, a kankare fenti a wurin haɗin, domin hinji da roba ba sa haɗa ƙarfe yadda rediyo ke so, kuma wannan yana rage ƙarar da altaneta da injin dizal na zamani ke zubawa a kunne. Rediyo mai wat ɗari yana jan kusan amfiya ashirin, don haka wayarsa ta tafi batir kai tsaye da fiyus, kuma babbar mota mai bolt 24 tana buƙatar na'urar rage wuta. Sannan ga abin da littattafan Turawa ba sa kawowa domin ba su san shi ba: a akori-kurarmu mutane suna zama a baya, wani ma yana riƙe da duk ƙarfen da hannunsa ya samu. Saman kwayil yana ɗaukar dubban bolt lokacin magana, yana ƙona fata, don haka a sa eriyar inda hannu ba ya kaiwa, nesa da jarkokin fetur. Da shigowa gari kuma a kwantar da doguwar sanda saboda wayoyin lantarki da ke rataye ƙasa-ƙasa.

Ma'aunin da ke ruɗin mutane

Bayan an kafa eriya ana auna ta da abin da ake kira SWR, wato ma'aunin ƙarfin da ke komowa rediyo maimakon ya fita. In ya nuna 1.5, kashi huɗu cikin ɗari ne ke komowa. In ya nuna 2, kashi goma sha ɗaya. In ya kai 3, rubu'i ne, kuma yawancin rediyo suna rage ƙarfinsu da kansu don kada su ƙone. Duk abin da bai wuce 2 ba ya wadatar, kuma wanda ya ɓata yini yana datse sanda don ya sauko daga 1.4 zuwa 1.1 bai ƙara wa muryarsa komai da kunne zai ji ba. Ƙananan na'urori irin NanoVNA sun sa awon ya yi araha, amma a yi shi a fili, ƙofofi a rufe, kaya a ɗaure yadda za a yi tafiya, domin tulin jarkokin ƙarfe kusa da sanda yana sauya sakamakon.

Kyakkyawar lamba ba shaidar kyakkyawar eriya ba ce. Gajeriyar eriyar mita 80 mai inganci tana daidaita ne a ɗan siririn wuri, ka matsa kaɗan ta kauce. Wadda ke nuna lamba mai kyau ko'ina a zangon, sau da yawa cinye ƙarfin take yi, shi ya sa babu abin da ke komowa. Kebul da ruwa ya shiga shi ma haka yake yi. A lokacin hunturu kuma ƙurar da iska ke gogawa a jikin sanda tana tara caji, a ji rediyo yana tsatsatsa kamar ana suya. Ƙaramin dunƙulen da ke kan sandar yana rage tartsatsin da ke fita ta tsini, don haka kada a cire shi, kuma eriyar da aka ƙera da hanyar zubar da caji zuwa bodi ta fi natsuwa a irin wannan yanayi.

Shingen bincike da alƙawarin lokaci

A yankunan da ke fama da rashin tsaro, mota mai doguwar eriya tana jan ido, na jami'ai da na waɗanda ake gudu. A 2013 sojoji sun haramta amfani da wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya a jihar Borno, wanda ya nuna yadda hukuma ke kallon duk na'urar da ba ta bi ta turken kamfani ba. Lasisi da takardar na'ura su kasance a aljihun gaban mota, a kuma sanar da hukumomin tsaron yankin kafin a shiga, domin bayani a bakin shinge da dare ba ya daɗi. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ƙaramar sandar rabin mita a rufi da waya a cikin jaka suka fi mini katafariyar eriya a bamba.

Akwai wuraren da masu sha'awa suka saba haɗuwa: megahaz 145.500 don kira a zangon mita biyu, sai kilohaz 3760 da 7110 da 14300, wato megahaz 3.76 da 7.11 da 14.3, da IARU ta ware a matsayin cibiyar kiran gaggawa. Amma babu wanda aka ɗora wa alhakin zama yana saurare dare da rana, kuma masu lasisi a ƙasashenmu ba su da yawa. Don haka kafin a tashi a samu mutum ɗaya mai rediyo a gari, a yi alƙawari da shi: ƙarfe bakwai na safe a mita 40, bayan sallar isha'i a mita 80, da wani wurin na biyu in na farko ya cika da ƙara. A gwada wannan daga nisan kilomita ɗari ko biyu kwanaki kafin tafiyar, da eriyar da za a tafi da ita, ba wata ba. A kuma rubuta masa hanyar da za a bi da yawan ruwan da aka ɗauka, a yarje a kan cewa in lokaci biyu a jere suka wuce bai ji kira ba, ya tayar da masu nema ba tare da jiran na uku ba.